Tsara Rawa Domin Fim a Keɓaɓɓen Wuri

Tsara rawa domin fim a keɓaɓɓen wuri fanni ne da ake ƙago motsin jiki daga yanayin wani wuri takamaimai, dutse ne ko tsohon gini ko bakin ruwa, sannan a ɗauke shi da kyamara. Ya sha bamban da rawar dandamali, inda ɗan kallo ke zaune wuri guda. Haka kuma ba irin rawar waƙoƙin finafinan Hausa ba ce, wadda galibi ake koyo a ɗaki a je lokeshan a maimaita, wurin ya zama ado a bayan 'yan wasa. A wannan fanni, rawar da za a iya ɗauka a kai wani wuri ba tare da ta rasa komai ba, ba ta tsaru ba tukuna.

Masana kan kafa misali da gajeren fim ɗin da Maya Deren ta yi a Amurka a 1945 da ɗan rawa Talley Beatty, wanda ya ɗaga ƙafa a cikin daji ya sauke ta a cikin ɗaki. A 1970 kuma mai tsara rawa Trisha Brown ta sa aka ɗaure mutum da igiya ya tako bangon wani gini a New York daga sama zuwa ƙasa.

Jos ta dace da irin wannan aiki. Nan ce hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, da makarantarta ta koyar da fim. Ga duwatsun Shere da na Riyom, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga kuma gine-ginen ƙasa na gidan tarihi, ciki har da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zazzau.

Aikin yakan fara ne da zama. Mai tsara rawa zai je wurin safe da yamma bai koyar da komai ba, yana lura da inda inuwa ke faɗuwa, inda ƙafa ke zamewa, da ta ina iska ke bugowa. Sai 'yan rawa su shiga su gwada abin da jikinsu ya ba su, ana ɗauka da waya, a zauna a duba, a zubar da mafi yawa. Dutse ba ya lotsawa kamar katakon dandamali, don haka tsallen da ya yi kyau a ɗakin atisaye yakan koma durƙuso ko jingina, saboda gwiwa da idon sawu. Garin Jos ya haura mita 1,200 sama da teku, kuma da hunturu sai an daɗe ana motsa jiki kafin a fara, in ba haka ba jijiya ta riƙe.

Da zuwan kyamara sai a sake tsari. Dogon ɗauka daga nesa yana mayar da mutum ƙarami a gindin dutse. Ɗauka ta kusa kuwa tana nuna tafin hannu yana laluben tsaga, ko ƙurar da diddige ya tayar, abin da ɗan kallon dandamali ba zai taɓa gani ba. Mai kyamara shi ma ana ƙirga masa taku. Rana ce babbar matsala: inuwar hantsi ba ta azahar ba ce, in an haɗa su ido zai kama. Iska na cinye sautin kiɗa, shi ya sa ake yawan rawa da ƙirga, a ɗora kiɗan daga baya.

Gyara na ƙarshe a hannun edita yake. Shi zai yanke motsi a tsakiyarsa ya ƙarasa shi a wani gefen dutsen, kuma ya kamata mai tsara rawar ya zauna kusa da shi.

Wuri yana da masu shi. Wasu duwatsun Filato wuraren al'ada ne, dole a nemi izinin mai unguwa da dattawa. Wanda zai ari taku daga rawar Asharuwa ta ƙabilar Afizere, ya dace ya yi aiki da 'yan rawarta, ya sa sunayensu a fim. Kududdufan kuza kuwa suna da zurfi, ba a tsara motsi daf da bakinsu.