Maɓallin gudu a wasannin harbi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ainihin abin da ake gardama a kansa?

Ana magana ne a kan wasannin bidiyo na harbi waɗanda ɗan wasa yake kallon fage ta idon sojansa, galibi ba ya ganin komai na jikinsa sai hannuwa da bindiga. A yawancinsu akwai maɓallin da idan aka danna, sojan zai sauke bakin bindigarsa ya sheƙa da gudu, kuma ba zai iya harbi ba har sai ya daina, sannan ya ɗauki wani ɗan lokaci kafin ya sake ɗaga bindigar. Kowa yana son wasa mai sauri. Abin da ya raba kan 'yan wasa shi ne wannan sharaɗi da aka gindaya, wato cewa duk wanda yake son sauri sai ya haƙura da harbi.

Ashe tsofaffin wasanni ba su da gudu?

Suna da shi, amma ba irin wannan ba. A Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a 1993, akwai maɓallin gudu, sai dai mutum yana iya yin harbi yana gudun, ko gaba ya nufa ko baya ko gefe. Quake na 1996 ma har da zaɓin barin gudun a kunne kullum. Gudun da ke sauke bindiga sai daga baya ya yaɗu. An gan shi a ƙarin da aka yi wa Call of Duty mai suna United Offensive a 2004, sannan Call of Duty 4: Modern Warfare na 2007 ya samu karɓuwar da ta sa sauran kamfanoni suka bi sahu.

Wace hujja masu goyon bayansa suke kafawa?

Babbar hujjarsu ita ce faɗin fage. A wasa irin Battlefield, inda ake yaƙi a fili mai girma da tankoki da jiragen sama, wanda aka kashe ya dawo a can nesa zai gaji da tafiya kafin ya isa inda ake gwabzawa idan babu gudu. Suna kuma cewa gudun yana sa mutum ya riƙa yanke shawara a kowane lungu: ya tsallake wannan titi da gudu bindiga a ƙasa, ko ya bi a hankali bindiga a sama? A wasan da harsashi uku ko huɗu ke kashewa, wanda ya sha kwana yana gudu ya yi kiciɓis da mai jiransa ya riga ya mutu kafin bindigarsa ta ɗago, saboda haka gudun kasada ce ta gaske. Akwai kuma batun sabo, domin wanda ya taso da Call of Duty yakan ji kamar an ɗaure wa sojansa ƙafa idan ya danna maɓallin bai ga komai ba, kuma kamfanoni ba sa wasa da irin wannan ƙorafi.

To me ya sa wasu suke ƙinsa haka?

A nan ne ya kamata a dubi Halo, domin babu inda gardamar ta yi zafi kamar wajen 'yan wasansa. Wasanni uku na farko, na 2001 da 2004 da 2007, ba su da gudu. Kowane soja yana da garkuwar makamashi da ke lulluɓe jikinsa, wadda sai an karya ta kafin a kashe shi, kuma takan cika da kanta idan ya samu ɗan lokaci ba a harbe shi ba. Ke nan faɗan mutum biyu yana ɗaukar daƙiƙoƙi, ana zagaya juna, ana tsalle, ana jifa da gurneti, duk bindiga na sama.

Yanzu a ƙara gudu a wannan tsari. Wani ya yi dabara ya samu wuri mai kyau, ya harbi abokin karawarsa har garkuwa ta fashe, saura harbi ɗaya a ka. Sai wancan ya juya ya sheƙa bayan gini. Idan mai nasarar ya bi shi da gudu, shi ma ya sauke bindiga, ba zai iya ƙarasa shi ba. Idan ya tsaya da bindiga a sama, wancan ya yi masa nisa har garkuwarsa ta dawo. Wanda ya yi kuskuren tsayawa a fili ya sha, wanda ya yi dabara ya tashi a tutar babu.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi a ganina, ko da yake ba a cika lura da ita ba. Mai tsara fage yana auna tazarar da ke tsakanin maɓoya da maɓoya ne da saurin soja. Idan soja zai iya ƙara sauri, dole a nisanta su, a tsawaita lunguna, a faɗaɗa ramukan da ake tsallakewa. Sakamakon shi ne lokacin da ake ɗauka daga wannan gefe zuwa wancan bai ragu sosai ba, amma yanzu mafi yawan tafiyar ana yin ta ne ba a iya harbi.

Su kansu masu Halo sun daɗe suna gyara. A Halo: Reach na 2010 gudu zaɓi ne daga cikin wasu baiwa da ake ɗauka. Halo 4 na 2012, wanda kamfanin 343 Industries ya yi, ya ba kowa shi. Halo 5 na 2015 ya hana garkuwa cika muddin ana gudu, Halo Infinite na 2021 kuma ya rage bambancin gudu da tafiya har ya zama ɗan kaɗan.

Wasan da babu gudu ba zai zama mai nawa ba?

Doom na 2016 ba shi da gudun da ke sauke bindiga, kuma babu mai cewa yana da nawa, domin tafiyar kanta mai sauri ce. Counter-Strike da Valorant ma ba su da shi, har ma sun juya lamarin: maɓallin da ake da shi na rage sauri ne, don kada abokin gaba ya ji takun sawu. A Counter-Strike saurin yana bin nauyin abin da ke hannu, shi ya sa za a ga 'yan wasa sun zaro wuƙa a farkon zagaye don su riga abokan gaba isa wuri.

Me zai hana a bar kowa ya zaɓa, mai so ya kunna, wanda ba ya so ya kashe?

Wannan yana iya yiwuwa idan mutum yana wasa shi kaɗai da kwamfuta. A gasa tsakanin mutane kuwa fagen ɗaya ne, kuma an riga an auna shi da ɗayan biyun, don haka wanda ya kashe gudu a fagen da aka gina dominsa ya cuci kansa ne kawai. Overwatch na 2016 ya bi wata hanya, inda ya mayar da gudu baiwar gwarzo guda, Soldier: 76, sauran kuma kowa da irin motsinsa.

To gudu ya dace da wasan harbi ko bai dace ba?

Abu biyu zan duba kafin in amsa game da kowane wasa: girman fage, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a kashe mutum. Inda fage ke da faɗi kuma kisa ke da sauri, kamar Battlefield da Call of Duty, gudu yana da gurbi, domin mai gudu yana biyan farashinsa nan take. Inda fage ƙarami ne kuma faɗa ke ɗaukar lokaci, kamar Halo na asali, na fi karkata ga masu cewa a ƙara saurin tafiyar kowa, a bar bindiga a sama.