Birnin Kano: Mutanensa da Wurarensa a Tarihi

Birnin Kano, wanda Kanawa ke ce wa cikin gari ko cikin badala, shi ne tsohon garin da ganuwa ta kewaye, kuma daga gare shi Kano ta yau ta yaɗu har ta zama gari mafi girma a arewacin Nijeriya. Kirarinsa sananne ne: Kano ta Dabo tumbin giwa, yaro ko da me ka zo an fi ka. Yawancin tarihin garin yana nan kwance a cikin sunayen ƙofofinsa da unguwanninsa, domin kusan duk ayarin baƙin da ya sauka ya zauna, da sana'arsa ko da littafinsa, ya bar sunansa a wani lungu.

Dala da mutanen farko

Mafarin garin shi ne Dutsen Dala, da abokinsa Goron Dutse daga yamma. Dutsen marmara ne mai arzikin tama, kuma ragowar matoyar ƙarfe da aka tono a gindin Dala ta nuna ana narka tama a wurin tun wajajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ruwayar baka ta danganta wannan aiki da Abagayawa, maƙeran da aka ce sun zo daga Gaya neman tama.

Babban madogarar zamanin farko shi ne littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda aka haɗa a ƙarshen ƙarni na 19, Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. A cikinsa ne aka ambaci Barbushe, daga zuriyar Dala, ƙaton maharbi kuma mai kula da tsafin Tsumburbura, wanda yake hawa dutsen ya sauko ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Littafin ya sa zuwan Bagauda, sarki na farko, a lokacin da ya yi daidai da 999. An samo wannan shekara ne ta hanyar ƙirga tsawon mulkin sarakuna da baya da baya, saboda haka masana kan ɗauke ta a matsayin kimantawa.

Ganuwa da ƙofofi

An ce Sarki Gijimasu (wajajen 1095 zuwa 1134) ne ya fara ganuwa, ɗansa Yusa ya ƙarasa ta. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki, aikin da ake jingina wa Wambai Giwa. Da Gwamna Lugga ya gan ta a 1903, ya rubuta cewa kewayenta ya kai mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa wajen ƙafa 40, da ƙofofi 13.

Ginin ƙasa ne zalla. Daga waje ake haƙo ƙasar, ramin da ya rage ya zama gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta cika shi don doki kada ya kusato. Jikin ganuwa yana da faɗi a ƙasa, yana tsukewa yayin da yake hawa, daga ciki kuma akwai tudun da mayaƙa ke tsayawa su yi harbi ta tsakanin haƙoran bango. An shigar da wasu ƙofofin ciki kaɗan, yadda duk wanda ya nufo su sai ya ratsa tsakanin bango biyu, kibiya na zuwar masa ta dama da hagu. Ƙyauren na itace ne, an ɗaure shi da ƙarfe. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta bayan faɗuwar rana, ya buɗe da asuba.

Maƙiyin ganuwa na gaske shi ne damina. Ruwa kan zaizaye kanta, ya tsaga jiki, ya kwanta a gindi har ɓangare ya zube. Don haka da kaka ta yi ake raba ta gaɓa gaɓa ga unguwanni da hakimai, a yi gayya a yaɓe. Da aka daina wannan gayya bayan zuwan Turawa, lalacewa ta fara. Ɗibar ƙasa don gini da yanka filaye a kanta suka ƙarasa mafi yawanta. Abin takaici ne ƙwarai, domin a wurare da dama yau sai dai dattijo ya nuna maka da sanda inda ta bi.

Wani abu da baƙo kan manta shi ne ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A da ɓangaren yamma da arewa gonaki ne da makiyaya, don idan abokan gaba suka yi wa gari zobe a sami abin ci da wurin da mutanen karkara za su fake da dabbobinsu.

Ƙofofin da aka fi sani sun haɗa da Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa da Ɗan'agundi. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka huda su.

Wangarawa, Rumfa da Magili

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka tsayar da salla a fada, aka naɗa liman da ladan da alƙali. Wata takarda ta zuriyarsu ta kawo zuwan nasu kusa da zamanin Rumfa, kuma har yanzu ba a daidaita ruwayoyin biyu ba. Ko yaushe ne, sawunsu yana nan: unguwannin Zaitawa da Mandawari da Sheshe, da kuma Madabo, tsohuwar cibiyar karatun fiƙihun Malikiyya mai sarautar Babban Malami.

Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya ba garin siffar da aka san shi da ita. Ya fitar da fada daga tsohon gari ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma a zamaninsa ake cewa aka fara busa kakaki da riƙe figini da sa takalmin gashin jimina. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, shi ma ana danganta shi da Rumfa. Wajajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano ya rubuta wa sarkin risala kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari daga zuriyarsa suke jingina asalinsu.

Fadar tana nan inda Rumfa ya aza ta, mai faɗin kusan eka 33. Ƙofar Kudu, wadda ita ce fuskar fada a yau, aikin ƙarni na 19 ce. Kafin nan ta arewa ake shiga. Manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, su ne a da ke riƙe da al'amuran cikin gida, wani lokaci ma har da na wajensa.

Kurmi, Jakara da unguwannin baƙi

Kasuwar ta samo sunanta daga kurmin da ke bakin Jakara, rafin da ya ratsa gari. An tsara ta layi layi, kowace haja da 'yan layinta da shugabansu, Sarkin Kasuwa a bisa kowa. A da baƙon fatake ba ya sayar da kaya da kansa: yakan sauka gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kaya bashi. Dillali na cin la'ada. Wannan amana ita ta riƙe kasuwar, kuma duk lokacin da sarki ya tsananta haraji ta kan karye. An ruwaito cewa a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) haraji ya yi wa Kurmi nauyi har Larabawa suka tattara suka koma Katsina.

Wanda ya zaga kewayen Kurmi yana karanta sunaye zai ga taswirar fatauci. Dandalin Turawa na Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin su ake ce wa Turawa kafin Nasara su gaji sunan. Alfindiki da Alkantara kalmomin Larabci ne, masauki da gada. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa masu saƙa da ɗinkin riga, Ayagi na Yarabawa, Agadasawa na mutanen Agadas. Fatauken goro kuwa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne masu kora jakuna zuwa Gwanja da kanwa da tufafi da fata, su yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Dole a riƙa kwance huhun goro a hanya ana tsince wanda ƙwaro ya huda ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta ɓata sauran.

Bature Clapperton ya iso a 1824, Barth kuma, wanda ya kira kansa Abdulkarim, a 1851. Barth ya kimanta mazauna garin da 30,000, suna ninkawa a lokacin zuwan ayari, kuma ya lura cewa tufafi su ne ƙashin bayan arzikin Kano.

Marina

Marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa an kafa ta a 1498, ita ce ta fi shahara cikin waɗanda suka rage. Karofi rami ne mai zurfi da ake shafe cikinsa da laso, wato katsi da gashin jima da ruwan dafara, don kada ya yi yoyo. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baba, a bar shi ya ruɓa na kwanaki, ana motsawa da doguwar muciya har kumfa mai sheƙi ta taso. Marini yakan tsoma zane ya ɗago ya bari iska ta buge shi: da farko kore yake fitowa, sai ya juye shuɗi a idonka. Yawan tsomawa shi ke kai shi ga baƙi. Idan toka ta yi kaɗan ruwan yakan yi tsami ya ƙi kama zane, sanyin hunturu kuma yakan jinkirta nunarsa. In ruwa ya mutu sai a kwashe dagwalon, a dunƙula, a ƙona, ya koma katsin haɗi na gaba. Daga nan zane ya tafi mabuga, a buge shi da shuni a kan gungume har ya yi ƙyalli. Irin wannan turkuɗi, musamman na garin Kura, shi Buzaye ke naɗawa.

Jihadi, Dabo da basasa

Jama'ar Shehu Usmanu a Kano sun yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, suka ci Sarki Alwali a yaƙin Ɗanyaya, daga baya aka kashe shi a Burumburum wajajen 1807. Malam Sulaimanu ya zama sarki na farko bayan jihadi, sai Ibrahim Dabo Basulluɓe (1819 zuwa 1846), wanda ya murƙushe tawaye, ya kafa ribaɗoɗi irin su Fanisau, ya kuma dawo da yawancin sarautun Haɓe. Zuriyarsa ke sarauta har yau. Gidajen da suka yi jihadi su ke riƙe da zaɓen sarki: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta.

A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Sarki Bello sarautar Kano, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Aliyu Babba ya ci garin a 1894. Wannan ita ce Basasa.

Bayan ganuwa

Sojojin Kanar Morland sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, a mafi yawan ruwayoyi ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu, wato Aliyu Babba, yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Sarkin Shanu ya mutu yana kare fada, Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. An kai Alu Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Abbas ya hau gadon.

Turawa suka zauna a Nassarawa da Bompai. Fagge, tsohon zangon raƙuman Azbin, ta zama unguwar baƙin Hausawa da Buzaye, Kwarori suka kafa kantuna a gefenta inda Kantin Kwari yake, aka yanka Sabon Gari wajajen 1913 don ma'aikatan kudu. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗanhausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, gidansa kuma yana nan. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, jiragen sama na farko suka sauka a Nuwamba 1925.

Turawa auduga suka so, manoma suka zaɓi gyaɗa. Tsoffin fatauken goro, masu yara a kowane ƙauye, su suka zama masu saye: Umaru Sharubutu Koki, Maikano Agogo, da Alhassan Ɗantata (1877 zuwa 1955), haifaffen Bebeji mazaunin Sarari, wanda aka ce ya kai raƙuma 20 na kuɗin azurfa banki a 1929. Da jirgi ya kasa kwashe amfanin shekara, sai ake jera buhuna dala dala, kowace dala wajen buhu 15,000.

Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953) ya ga shigowar famfo da lantarki, a zamaninsa kuma aka gina Babban Masallacin Juma'a na yanzu. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Jagoranta Malam Aminu Kano (1920 zuwa 1983) ya zauna a Gwammaja, gidansa na Mambayya yana hannun Jami'ar Bayero. An sauke Sarki Sanusi na ɗaya a 1963, Ado Bayero ya yi sarauta daga wannan shekara zuwa 2014. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ne gwamnanta na farko. Rikicin Maitatsine ya auku a 'Yan Awaki a Disamba 1980. Tun 2019 ake ta taƙaddama kan raba masarautar da kuma wanda ke kan karaga, maganar ta kai gaban kotu.