Ƙwayoyin gado da enzaim a sarrafa adirinalin

Adirinalin sinadari ne da wani ɗan ƙulli a saman ƙoda ke zubawa cikin jini idan mutum ya firgita. Shi ke sa zuciya ta buga da sauri, sukarin jini ya ƙaru. Danginsa na kusa su ne dofamin da noradirinalin, waɗanda jijiyoyi ke isar wa juna saƙo da su. Enzaim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyuka a cikin jiki, ne ke haɗa su ukun, enzaim ne kuma ke rushe su, kowane enzaim kuwa yana da ƙwayar gadon da ke tsara shi.

Tarihin bincike

A 1895, George Oliver da Edward Schäfer suka nuna a Landan cewa ruwan da aka tatso daga wannan ƙulli yana ɗaga hawan jini. Wajen 1901, Jokichi Takamine, ɗan Japan mazaunin Amurka, ya tace sinadarin tsantsarsa. Sai dai gane yadda jiki ke kawar da shi ya ɗauki lokaci. Mary Hare ce ta gano enzaim ɗin da yanzu ake kira MAO, ɗaya daga masu rushe waɗannan sinadarai, a Kambirij a 1928. Ulf von Euler ya tabbatar a 1946 cewa noradirinalin ne saƙon jijiyoyin da ke shirya jiki lokacin firgici, sannan Julius Axelrod ya gano COMT, wani enzaim mai rushe su, a 1957. Su biyun sun raba kyautar Nobel ta 1970 tare da Bernard Katz.

Yadda ake haɗa su

Tushen shi ne tairosin, wani sinadari da jiki ke samu daga furotin na abinci. Enzaim na farko, TH, shi ke takaita gudun aikin gaba ɗaya. Daga nan a samu dofamin, enzaim ɗin DBH ya mayar da shi noradirinalin, enzaim ɗin PNMT ya ƙarasa shi ya zama adirinalin.

Bambancin gado

Ƙwayar gadon COMT tana kan kuromosom na 22 (kuromosom su ne zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu). Wani sauyi da ake kira Val158Met yana rage ƙarfin enzaim ɗin da kusan ninki uku zuwa huɗu, don haka dofamin kan daɗe a ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa. Wanda aka haifa ba shi da DBH mai aiki kuwa, jininsa kan sauka ƙwarai da zarar ya miƙe tsaye.

MAOA, ƙwayar gadon da ke tsara ɗaya daga nau'o'in MAO, tana kan kuromosom na X. A 1993 Han Brunner ya bayyana wani iyali a Holan da wasu daga mazansu ba su da wannan enzaim, suna kuma saurin hasala. Danganta sauran nau'o'inta da halin son faɗa har yanzu masana na jayayya a kai.