Rikiɗar Richter a Zamanin Sababbin Magungunan Sankarar Jini

Rikiɗar Richter ita ce juyewar sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CLL, zuwa sankarar kaluluwa mai saurin bazuwa. CLL cuta ce ta manya, galibi waɗanda suka haura shekara 60, kuma tana kama wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait na B. Mutum kan yi shekaru da ita bai sha ko ƙwaya ɗaya ba. Amma cikin kowane majinyata 100, tsakanin 2 zuwa 10 cutar kan rikiɗe musu. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu rikiɗar kan samu nau'in da ake kira DLBCL, mai manyan ƙwayoyi, sauran kuma mafi yawansu nau'in Hodgkin. Maurice Richter, likitan binciken cututtuka a New York, shi ya fara bayyana lamarin a 1928, sannan wasu likitocin Faransa suka laƙaba masa sunansa a 1964.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

Mafi yawan haɗarin yana rubuce ne a cikin ƙwayoyin gado na ita kanta sankarar, ba a shekarun majinyaci ko abincinsa ba. Na gaba-gaba shi ne lalacewar TP53, ƙwayar gadon da aikinta shi ne tsayar da duk ƙwayar halittar da ta samu tangarɗa ko ta sa ta mutu. Tana lalacewa ne ta hanyar sauyi, ko kuma ɓacewar wani yanki na kuromosom na 17 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado). Sai sauyin NOTCH1, wanda sau da yawa yake zuwa tare da ƙarin kwafi na kuromosom na 12. Akwai kuma ɓacewar CDKN2A, wadda take kamar birki ga rabuwar ƙwayoyi, da zaburar MYC, wadda take kamar totur.

Batun ƙwayar gadon IGHV yakan rikita mai karatu, domin a nan rashin sauyi ne abin tsoro. Limfosait mai lafiya kan sauya wannan ƙwayar gado yayin da take koyon gane cuta. CLL ɗin da ta fito daga ƙwayar da ba ta yi wannan sauyi ba ta fi zafi, ta fi kuma saurin rikiɗa. A cikin wannan rukuni akwai 'yan ƙalilan masu IGHV4-39, waɗanda ake kira rukuni na 8, kuma haɗarinsu ya zarce na kowa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi fitowa fili a zamanin sababbin magunguna shi ne hargitsewar kuromosom, wato a samu tangarɗa 3 ko fiye a ƙwaya ɗaya. A jiki kuwa, ana lura da kaluluwar da ta wuce santimita 3, da cutar da ta yi nisa, da hauhawar sinadarin LDH a jini, da yawan magungunan da aka riga aka gwada suka gaza.

Shin maganin ne ke jawo ta?

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ibrutinib don CLL a 2014, sannan venetoclax a 2016. Na farko yana toshe BTK, wanda ke isar da saƙon rayuwa cikin ƙwayar sankarar. Na biyu yana toshe BCL2, wanda ke hana ta mutuwa. Sun canza rayuwar majinyata ƙwarai, amma ba da jimawa ba aka fara ganin abin da ya tayar da hankali. A Jami'ar Jihar Ohio, binciken da aka fitar a 2015 kan mutum 308 masu shan ibrutinib ya nuna kashi 4.5 cikin 100 sun rikiɗe a shekarar farko, kuma rabin waɗanda cutar ta rikiɗe musu ba su rayu fiye da wata 3.5 bayan rikiɗar ba. A Melbourne ta Ostareliya, cikin mutum 67 masu shan venetoclax da aka ba da rahotonsu a 2017, cutar ta ci gaba a jikin 25, kuma 17 daga cikinsu rikiɗar Richter ce. Abubuwa biyu suka bambanta waɗanda cutar ta ci gaba a jikinsu: hargitsewar kuromosom, da kuma cutar da ta riga ta ƙi jin maganin kemo na fludarabine.

Bai kamata a karanta waɗannan alƙaluma da gaggawa ba. Waɗancan majinyata mutane ne da aka riga aka yi musu kemo iri-iri kafin su iso ga sabon magani. Idan aka fara da sababbin magungunan tun farko, rikiɗar kan yi ƙasa sosai. Lokacin faruwarta ma shaida ce. Rikiɗa kan zo ne da wuri, galibi cikin shekara 2 na farko, alhali CLL ɗin da ta koyi ƙin jin ibrutinib, ta hanyar sauyin ƙwayar gadon BTK ko ta PLCG2, sai daga baya take dawowa. Abin da ya bayyana cikin 'yan watanni da wuya a ce maganin ne ya ƙirƙire shi.

Masu bincike a Basalona ta Sifen sun ƙarfafa wannan fahimta a 2022. Sun koma ga tsofaffin samfuran jini, suka tarar da 'yan ƙwayoyin da daga baya suka zama Richter suna nan tun ranar da aka gano CLL, a wani majinyacin har shekara 19 kafin rikiɗar. Waɗannan ƙwayoyi ba su dogara sosai da saƙon da ibrutinib ke toshewa ba. Manomin dawa zai gane wannan, domin irin wuta-wuta kan daɗe kwance a ƙasa kafin ya tsiro. Maganin ya share CLL, abin da ke ɓoye ya samu fili.

Ganewa

Alamominta su ne kaluluwa guda ko gefe guda da ta kumbura cikin makonni, zazzaɓi, gumin dare, rama, da LDH mai tashi, wani lokaci har da yawan kalsiyam a jini. Hoton jiki da ake kira PET yana nuna wurin da cutar ta fi ƙarfi don a yanko daga nan, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, musamman ga mai shan ibrutinib. Dole a ciro tsokar kaluluwar a duba, allura kawai ba ta wadatarwa. A ƙasashen da tarin fuka na kaluluwa ya yi yawa, kamar Najeriya da Nijar, wannan gwaji ya ƙara zama wajibi, domin alamomin biyu suna kama da juna. Akwai kuma rikiɗar ƙarya: idan aka dakatar da ibrutinib na 'yan kwanaki, misali saboda tiyata, kaluluwa kan kumbura har ta yi kama da Richter a madubin bincike, sannan ta sace da zarar an koma shan magani.

Makoma

Kusan kashi 80 cikin 100 na DLBCL ɗin Richter daga tsatson CLL ɗin suke. Wani bincike na 2011 ya nuna matsakaicin rayuwar waɗannan kusan wata 14 ne, na waɗanda tasu ba ta da alaƙa da CLL kuwa kusan wata 62, kuma su ana yi musu magani kamar DLBCL na yau da kullum. Haɗin kemo na R-CHOP ba ya daɗewa yana aiki ga 'yan tsatso ɗaya, shi ya sa wanda cutar ta lafa masa kuma jikinsa zai ɗauka ake ba shi shawarar dashen ɓargo daga wani mutum. Ana ci gaba da gwada sababbin magunguna irin su pirtobrutinib da epcoritamab, da kuma CAR-T, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da aka sarrafa don su farma sankarar.