Rufe makarantu a Najeriya lokacin annobar korona

Rufe makarantu lokacin annobar korona shi ne dakatar da karatu da gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohin Najeriya suka yi a watan Maris na 2020 don daƙile yaɗuwar cutar. Matakin ya shafi firamare da sakandare da manyan makarantu, na gwamnati da na kuɗi, ya kuma haɗa da Islamiyyu da makarantun allo. Yawancin ɗalibai sun yi wata shida zuwa bakwai a gida, ɗaliban jami'o'in gwamnati kuwa kimanin wata goma. Umarnin ɗaya ne, amma ba iri ɗaya ya faɗa wa yara ba: ɗan makarantar kuɗi a Abuja, da 'yar firamaren ƙauye, da almajirin tsangaya, kowa da irin kullen da ya gani.

Yadda aka rufe

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 9 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin yaƙi da cutar ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, tare da Dakta Sani Aliyu a matsayin mai tsara ayyuka. Gwamnonin arewa maso yamma sun haɗu a Kaduna suka amince a rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga Maris, ita ma Legas wannan ranar ta sa. Ranar 19 ga wata Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da nata umarnin, wanda ya haɗa da makarantun haɗaka na tarayya, wato sakandarorin gwamnatin tarayya, guda 104 da manyan makarantu. A lokacin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar ba su taka kara sun karya ba, Kano ma ba ta samu mutum na farko ba sai 11 ga Afrilu. Kwana talatin ɗin da aka ɗiba ya wuce ba wanda ya ƙara maganar sa.

Ba shi ne karo na farko ba. A 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas, Ministan Ilimi Malam Ibrahim Shekarau ya ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. Sai dai wancan ya zo ne a ƙarshen dogon hutu, makonni kaɗan aka yi asara. Na korona ya katse zango na biyu ana dab da jarrabawa, ya haɗiye zango na uku ɗungurungum.

Tsarin mulkin Najeriya ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi tare. Wajen rufewa wannan bai kawo matsala ba, don kowa tsoro ya kama shi. Wajen buɗewa ne kan ya rabu.

Karatu daga gida

Ma'aikatar Ilimi ta sa darussa a intanet, jihohi irin su Kano da Kaduna da Legas da Ogun kuma suka ɗauki malamai suna koyarwa ta rediyo da talabijin. Manyan makarantun kuɗi sun koma Zoom da WhatsApp. Wannan ya yi wa wanda iyayensa ke da babbar waya da kuɗin data da wuta. A arewa rediyo ce ta fi kusa da talaka, amma ita ma da iyakarta. Malami yana bayanin raba lamba a cikin rediyo, yaro yana zaune a tsakar gida ba allo a gabansa, ba halin ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, rediyon kuma ta maigida ce, in ya fita da ita ya fita. Ɗan aji shida zai iya tsintar wani abu. Ɗan aji ɗaya da bai gama sanin baƙaƙe ba, ba abin da murya kaɗai za ta koya masa.

Tun kafin annobar, ƙiyasin UNICEF ya nuna yara kusan miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a arewa. Da zaman gidan ya yi tsawo, damina kuma ta faɗi, yara da yawa sun koma gona da talla da koyon sana'a, wasu 'yan matan aka yi musu aure. Ba duka suka dawo aji ba.

Almajirai

Nan ne matakin ya fi tsanani. Rufe makarantar boko ma'anarsa yaro ya koma ɗakin uwarsa. Tsangaya kuwa ita ce gidan almajiri, abincinsa kuma yana hannun mutanen gari: bara, wanki, ɗiban ruwa, aikace-aikacen gidan uwar ɗaki. Da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle a Kano a tsakiyar Afrilu, Buhari kuma ya ƙara mako biyu ranar 27 ga wata, ana cikin azumi, sai aka rufe ƙofofin da ƙolo ke tsayawa da roba. Alaramma mai ɗalibai ɗari ba shi da rumbun ciyar da su.

Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, wadda Simon Lalong na Filato ke shugabanta a lokacin, ta yanke shawarar kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. An kwashi dubban yara a manyan motoci da bas-bas, kowa da allonsa da ƙunshin kayansa, ana ƙetara iyakokin jihohi a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya daga jiha zuwa jiha. Da yawa ba a gwada su ba kafin tashi. Cikin yara 169 da aka gwada a Kaduna bayan an dawo da su daga Kano, 65 suna ɗauke da cutar. A Jigawa an samu 91 cikin 168. Jihohi suka shiga zargin juna, wata jihar ma ta ƙi karɓar waɗanda aka kawo mata. Kwamitin shugaban ƙasa ya nuna rashin amincewa da jigilar, 'yan majalisar wakilai ma suka nemi a dakatar.

Gwamnoni irin su Nasir El-Rufai na Kaduna sun ce ƙarshen almajiranci ke nan. Malaman tsangaya sun ce ba a shawarce su ba, kuma an fake da guzuma ne don a harbi karsana. Masu kare haƙƙin yara sun yarda tsarin yana bukatar gyara, amma sun ce cunkusa yara a mota ɗaya ana tsakiyar annoba ba gyara ba ne. Abin da ya biyo baya ya fi ba masu suka gaskiya: ƙauyukan da aka mayar da yaran ba a tanadar musu aji ko abinci ba, kuma da aka ɗage kulle da yawa sun koma wajen malamansu. Sai a watan Mayu na 2023 Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Rigimar jarrabawa

An shirya fara jarrabawar WAEC ranar 6 ga Afrilu, aka ɗage. A farkon Yuli Ƙaramin Ministan Ilimi, Chukwuemeka Nwajiuba, ya ce za a fara ranar 4 ga Agusta. Kwana biyu bayan haka, ranar 8 ga Yuli, babban minista Malam Adamu Adamu ya fito ya ce makarantun tarayya ba za su buɗe ba, ya gwammace ɗalibai su yi asarar shekara da a jefa su cikin haɗari. Jihohin kudu maso yamma suka ce su nasu ɗaliban za su rubuta, masu makarantun kuɗi da iyaye suka yi ca. Kafin ƙarshen wata gwamnati ta sauya magana: 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta, aka fara WAEC ranar 17, wato mako biyu na bita bayan wata huɗu a gida. NECO ta fara ranar 5 ga Oktoba, zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda da dokar hana fita a wasu jihohi suka katse ta, ba a kammala ba sai Nuwamba.

Ciyarwa da albashi

A watan Mayu Ma'aikatar Jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta ce za ta ci gaba da shirin ciyar da 'yan firamare ta hanyar raba ɗanyen abinci ga iyaye a Abuja da Legas da Ogun. Tambayar da ta cika gari ita ce yaya ake ciyar da ɗalibai makaranta tana rufe. Ministar ta ce an kashe sama da naira miliyan 500 kaɗan, ba biliyoyin da ake yaɗawa ba. Zargin bai kwanta ba, musamman da jama'a suka farfasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Legas da wasu garuruwa a watan Oktoba, suka tarar da buhuna jibge ba a raba ba.

Malaman gwamnati sun ci gaba da karɓar albashi. Na makarantun kuɗi, waɗanda albashinsu ke fitowa daga kuɗin zango, da yawa sun yi watanni ba ko sisi. Wasu suka koma kabu-kabu da tireda da koyarwa gida-gida. Asusun tallafa wa ƙananan sana'o'i da gwamnati ta buɗe a ƙarshen shekara ya biya wasunsu albashin wata uku. A Kano gwamnati ta nemi masu makarantu su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zango na uku, abin da ya jawo ja-in-ja.

Jami'o'in gwamnati nasu daban ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani ranar 23 ga Maris a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da tsofaffin alkawura, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Ko da babu korona, ƙofa a rufe take.

Komawa aji

Legas ta buɗe firamare da sakandare ranar 21 ga Satumba, makarantun haɗaka na tarayya ranar 12 ga Oktoba, Kano ma a wannan makon. Jamhuriyar Nijar, wadda ta rufe nata a watan Maris, tun 1 ga Yuni ta buɗe. Ƙa'idojin da aka gindaya su ne takunkumin fuska, wanke hannu, auna zafin jiki a bakin ƙofa da ba da tazara. A makonnin farko an ga bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar makarantu, mai gadi yana ɗora wa yara na'ura a goshi. Tazara kuwa a ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa sai dai a takarda, shi ya sa wasu jihohin suka raba ɗalibai, 'yan safe da 'yan yamma. An matse zanguna, wasu wuraren aka ciyar da yara aji na gaba ba su yi zango na uku ba.

A watan Disamba cutar ta sake tashi, kwamitin shugaban ƙasa ya ce kada a koma sai 18 ga Janairu, 2021. A arewa maso yamma wani dalilin ya riga shi. Daren 11 ga Disamba 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina suka kwashi ɗalibai, aka sako 344 bayan kwana shida. Katsina da maƙwabtanta suka rufe makarantun kwana. A watan Fabrairu aka sake yi a Kagara ta jihar Neja, sannan a Jangebe ta Zamfara, inda aka ɗauke 'yan mata 279. Ɗaliban da suka dawo daga kullen korona a watan Oktoba, da yawansu wata biyu kacal suka yi a aji aka sake sallamar su gida.