Waiwaye: Yadda aka fara auna ciyawa a makiyayar Damagaram

Dokar Nijar ta 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. A jihar Damagaram layin ya ratsa ta wajen Tanut. Sai dai a lokacin ba a auna ciyawar da ke can kowace shekara. Makiyayi kan aika ɗan leƙe ya dubo masa, shi ke nan.

Farin 1973 ne ya canza lissafi. A shekarar aka kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1974 kuma cibiyarta AGRHYMET a Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma. Da fari ya sake kashe bisashe a 1984, sai aka ƙara dogara ga hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna korayen wurare.

Hoto kaɗai ba ya isa, shi ya sa ma'aikatan kiwo ke fita a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, kafin ciyawa ta karye. Wuri ɗaya ake komawa kowace shekara. A bi layi miƙe, a riƙa aza ma'auni mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, a yanke abin da ke ciki, a auna shi ɗanye, a shanya, a sake aunawa. Nauyin busasshiya ake lissafi da shi. Wajen kashi ɗaya cikin uku ake ɗauka dabba za ta samu, saura na tattaki ne da gara da iska. Dabbar da ake misali da ita a lissafi, mai kilo 250, tana cin kilo 6.25 a yini, wato kusan tan 1.7 a kwana 270 na rani.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kilo ba ya faɗin irin ciyawa. Fili zai yi kore shar a hoto alhali garmani ne ya cinye shi, wanda dabba ba ta so, ko tumfafiya. Gamba ta ja baya a wurare da dama, karangiya ta maye gurbinta, nauyi kuwa bai nuna komai ba. Gobarar daji guda bayan an gama awo tana iya rushe lissafin.

Ƙasa ce aka fi bari baya. Fako mai hana ruwa shiga da tudun rairayi masu tafiya a yankin Gure ba sa fitowa a awon shekara ɗaya. Sai an riƙa rubuta yawan filin da ya zama tsirara, da sunan kowace ciyawa, a wuri guda, shekara bayan shekara, sannan a bambance ƙarancin ruwan bana da lalacewar ƙasa.