Tsohuwar majami'ar Wusasa: wa ya gina ta, kuma me ya kai ta bayan gari?

Wace majami'a ake nufi?

Cocin St. Bartholomew ta ɗarikar Angalika, wadda ke Wusasa a bayan ganuwar Zariya, kusa da dutsen Kufena. 'Yar ƙarama ce, ta ƙasa, an gina ta wajen 1929.

Me ya sa ba a cikin birni take ba?

Ai da farko a cikin birnin mishan ɗin yake. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Angalika da ake kira CMS ya zauna a birnin Zazzau tun 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara boko. Amma zaman masu wa'azin Kirista a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa fada ba, su ma Turawan mulki ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. A 1929 aka kwashe makaranta da wurin shan magani aka koma Wusasa. Asibitin St. Luke ya samo asali daga nan.

To, me ya bambanta ta da sauran coci-coci?

Ginin. Wanda ya hango ta daga nesa zai iya ɗauka soron wani basarake ne. Magina Hausawa ne suka ɗora ta da tubali, katangu masu kauri, aka ɗaure rufin da bakan gizo irin na tsofaffin gine-ginen Zazzau. Shi ya sa ko ana kwalla rana cikinta da sanyi. Sai dai ginin ƙasa yana son hidima: in damina ta wuce ba a duba yaɓe da indararo ba, tsagewa zai fara. A ganina wannan ne babban abin tsoro gare ta yanzu, domin maginan da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci, kowa ya koma siminti.

Su wa ke ibada a ciki?

Hausawa da Fulani Kirista ne tushen jama'ar, cikinsu har da zuriyar Isawa (wata ƙungiyar Musulmi ta da, wadda ta ba Annabi Isa matsayi na musamman), da Hausa kuma ake sujada. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932.

Akwai sanannun da suka fito daga nan?

Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne na mishan. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma a makarantar mishan ta St. Bartholomew da ke Wusasa ya yi karatu.